Jan Salikon na Ƙetaren Rafi

Le Crotoy, 9 ga Satumba

'Yata Ludivine,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya karatu, ya sanyin Lille? Mamarki lafiya lau, faɗanta bai ragu ba.

Na karanta takardarki sau uku, na gane rabi. Wato salikon, ganyen nan da nake yanka a bakin teku shekara arba'in, in gishiri ya takura masa yakan yi ja, ya haɗa wani sinadari mai hana jiki lalacewa kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Ni ma gishirin ya takura mini, amma mita kawai na haɗa. Kore muke kai wa masu abinci, jan kuwa ko tumaki ba sa kallo. Yanzu shi digirinki ke jira! Mafi jan yana ƙetaren rafi, inda teku ke fara rufewa in ta dawo bayan ta janye. Zan samo miki.

Babanki,
Anselme

21 ga Satumba

Ludivine tawa,

Ina fatan kina lafiya. Kada mamarki ta ji wannan.

Mun ƙetara ni da Firmin maƙwabcinmu. Kin san mu ba ma duba agogo, da kunne muke sanin dawowar teku, wata 'yar shuu da take yi a kan yashi. To, ban ji ta ba. Ina durƙushe ina yanka, har da waƙa, sai ji na yi an fizge ni ta wuya. Firmin ke ihu wai, “Kai, tsohon kurma, uban wa kake jira?” Muka tsallaka, ruwa iya ƙirji. Buhun salikon kuwa teku ta ɗauke, ya tafi Ingila.

Na ce masa hula ce ta toshe mini kunne. Ya kalle ni, bai yi dariya ba, ya ce shi da ƙetare har abada. Gaskiya tun bazara nake gyaɗa wa mamarki kai ba tare da na san me ta ce ba. Ta ɗauka hankali na yi.

Naki,
Baba

3 ga Oktoba

'Yata,

Ina gaishe ki, Allah ya sa tarin ya sake ki.

Kin rubuto cewa in babu jan kafin ƙarshen wata, shekararki ta tashi a banza. Alhamis teku za ta janye sosai, daga nan sanyi zai ƙone ganyen. Rafin ya sake matsawa, yashin gefensa yana rawa in an taka. Na roƙi Firmin ya raka ni, ya juya mini baya. Ni kaɗai zan ƙetara. Na ari agogon mamarki, in dai na tuna na duba.

Na wasa wuƙa. Ba zan tuge saiwa ba, kamar yadda na koya miki.

Takardar nan ranar Juma'a za ta iso ki, saboda haka kada ki wahalar da kanki da hana ni. Ki kira mamarki ranar, ko da ba ki da abin faɗa.

Babanki mai ƙaunarki,
Anselme