Kalmar da Ka Zaɓa Daga Ingila

Zuwa ga ƙanena Musaddiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, karatu na tafiya, sanyin Ingila bai kayar da kai ba. Mu nan Birnin Kebbi sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita unguwa. Na ƙi kiran ka a waya ne don na san halina, ihu zan yi maka, ba abin da za ka fahimta.

Ka dai san shanun huɗar Tamba, maƙwabcin gonarmu a fadamar Argungu, sun tsinke igiya sun tattake albasar Yaya Zayyanu. Abin da ba ka sani ba, dattawa sun riga sun zauna. Tamba ya ba da haƙuri, ya ce zai ba da iri daga nasa, 'ya'yansa su yi dashen. Yaya ya amince, har sun raba goro. Sai ga shi ka ɗora hoton gonar a Fesbuk, da sunan 'ya'yan Tamba, da Turancinka a ƙasa.

Musaddiq, Turanci nake koyarwa, don haka kada ka ce mini haka ake magana a can. Kalmomi biyu ne a gabanka. Akwai mai tsabta, wadda nake koya wa 'yan aji ɗaya, mai nufin an lalata abu. Akwai kuma ta 'yan tasha, wadda ba zan ƙazantar da takardata da ita ba. Ita ka ɗauka, ka kuma ɗora mata wadda ke jawo uwar mutum. Ka manta Hanifa, ɗiyar Tamba, tana karatu a poli? Yayanta Mansur ya miƙa mata waya ya ce ta fassara. Ta yi ta kewaye-kewaye, ya rantse sai ta faɗa yadda take, ta faɗa. Uwarsu kuwa ko sadakar arba'in ba a yi mata ba.

Da hantsi Mansur ya iske Yaya a duƙe yana ban ruwa. Ko sallama bai yi ba. Ya sassare tiyo, ya ture injin ban ruwan cikin ruwa. Yaya ya taso yana tambayar ko lafiya, shi da bai san ma ka rubuta komai ba. Mansur ya kai masa sara da adda a ka, ya tare da hannu. Manoman kusa sun ce jini har kan ganyen albasa. Yaya ya faɗi, Mansur ya bi shi da shuri a haƙarƙari yana cewa a maimaita abin da aka faɗa wa uwarsa. Tamba ne da kansa ya maka wa ɗansa gora a ƙeya kafin ya saki addar, shi ne kuma ya kai Yaya asibiti a babur, rigarsa jage-jage da jini. Mansur yana hannun 'yan sanda. Ba wanke shi nake ba, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Amma kai ma raina a ɓace yake da kai, ba zan ɓoye maka ba.

Yanzu abokan Yaya suna wasa adduna, suna cewa sai sun ƙone rumbun Tamba, kuma a ƙarƙashin rubutunka suke zuga juna. Kai kana inda adda ba ta kaiwa, mu muna nan. Dattawa za su sake zama ranar Juma'a. Don Allah, don darajar Inna, kafin ranar ka goge abin nan. Ka rubuta cewa shanu ne suka lalata gona kuma an sasanta, ka nemi gafarar marainan nan a kan uwarsu. Ka yi da Turanci mai tsabta, ka yi da Hausa, kada a sake neman mai fassara.

Inna da Goggo suna gaishe ka, haka Mansura matar Yaya da yara. Ka gaida abokin zamanka Sunusi. Yaya Zayyanu ma yana gaishe ka, ya ce in gaya maka bai riƙe ka ba. Ya so ya rubuta maka hakan da kansa, amma da hannun dama ya tare addar, kuma likita bai iya ceto yatsun ba.

Yayarka,
Sauda