Tattakin da Ɗan'iya Bai Ƙarasa Ba

Tamanrasat, Aljeriya

Yaya Haliru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Umma da yara. Yaya damina? Da fatan 'yan ƙungiyarmu ta tattaki suna nan suna taka Tambuwal zuwa Kebbe yadda munka saba.

Ni lafiya lau nike. Ƙafar hagu ce ba ta son takalmi tukuna, likita ya cire yatsu biyu saboda tafiyar Sahara. Kada Umma ta ji.

Yaya, abokina Ɗan'iya, ɗan ƙungiyarmu da munka taho tare, ya rasu. Motarmu ta lalace cikin Sahara, munka kama hanya a ƙasa. Har dariya yake, yana cewa, "Mu da ke zuwa Kebbe a ƙafa, wannan mi ne?" Shi ya goyi ɗiyar wata mata har ruwanmu ya ƙare. Yarinyar ta rayu. Shi kuwa ya zauna hutawa, bai sake tashi ba. Da hannuna na rufe shi.

Mahaifiyarsa tana Jabo, ba ta sani ba. Don Allah kada ku kira ta a waya. Ka tara 'yan ƙungiya, ku taka har ƙofar gidanta ku gaya mata.

Allah shi jiƙan shi, shi tsare ku.

Ƙaninka,
Mu'awiya