Layin da Ba a Wankewa

Baban yara,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka na sabuwar makaranta. Yaya ciwon bayan? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Auta ya fara haƙori, ya mai da igiyar cajar wayata abin tauna.

Na ɗauki biro ne saboda a waya ba ka wuce tambayar yara. Da na ambaci cibiyar aikinmu sai ka ce ana kiranka. Takarda kuwa ba a katse ta.

Wata biyar da tafiyarka, cibiyarmu ta binciken wutar sola ta zama abin tausayi. Injiniyoyi biyu sun bi sahunka, an rufe ɗakin gwaji na sama, ni kuma da ake kira mai kula da haraba, sai sharar rairayi nake sa a yi a ƙofar ofisoshin da ba kowa. To jiya masu ba da tallafin nan da suka zo suka koma hannu rabbana sun aiko da takarda. Sun yarda su ɗauki nauyin gwajinka na ƙura daga farko, shekara uku cur, amma da sharaɗin wanda ya fara shi ya sa hannu ya jagorance shi, kafin ƙarshen wata. In ba haka ba, ƙarshen shekara za a sa wa ƙofa kwaɗo, kowa ya kama gabansa.

Na san ka rantse ba za ka ƙara shan inuwa ɗaya da Darakta ba. Ban manta ranar ba. Ka je filin jirgi ka ɗauko baƙin nan masu tallafi, ka kai su layi na bakwai na farantan sola su ga ƙurar shekara uku da ka hana kowa taɓawa, su gwada farantan da ka shafa wa maganinka na hana ƙura kamawa da waɗanda ba ka shafa wa ba, sai ka tarar an wanke su tas suna ƙyalli. Amma don Allah ka yi tunani. Abota ce ta shekara ashirin.

Taka har kullum,
Uwar 'ya'yanka

Baban yara,

Bayan sallama da fatan ka tashi lafiya. Yara suna gaishe ka. Babbar 'yarka ta ce in tuna maka alkawarin keke.

Saƙonka ya iso ta bakin direban cibiya: muddin wanda ya ba da umarnin wankin yana cibiyar, ƙafarka ba za ta taka ta ba. To, wanda ya ba da umarnin yana cibiyar, kuma shekara goma sha ɗaya yana kwana a gidanka. Ni ce.

Darakta bai ce komai ba sai a gyara haraba saboda baƙi. Ni na kira motar ruwa da safe bayan fitarka. Masu wankin ma da suka zo layi na bakwai sun tsaya, suka nuna mini allon da ka kafa na hana taɓawa. Na ce su wanke, ni matar mai allon ce.

Ba zan ce ban san aikinka ba ne. Na sani. Na ɗauka tunda kullum kana rubuta awo a littafi, ƙura ta gama aikinta, lissafi yana takarda. Ban san baƙin za su kankari ƙurar da hannunsu su tafi da ita ɗakin gwajinsu ba, kuma sai da ita za su yarda da littafin. Ka san halina, kai da kake tsokanata cewa da zan samu tsani da na wanke sama. Na hango layi shida suna walƙiya, naka ya yi dukun-dukun a gefensu, sai kunya ta kama ni kada baƙi su ce na mijina ne mafi ƙazanta. Da na kira ka minti ɗaya da an huta. Ban kira ba, don na san dariya za ka yi mini, ni kuma so nake in burge ka.

Ina tsaye bayan tankin ruwa lokacin da ka ce wa Darakta baƙin ciki yake yi da kai a gaban mutane. Takardar kiran motar tana aljihunsa da sa hannuna. Ya dube ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Washegari na je ofishinsa ina kuka, abin da ya ce kawai shi ne, “Ki je gida, 'yar'uwa. Gara ya rasa aboki da ya rasa gida.”

Na karɓi wannan rufin asiri wata biyar, in ka leƙo gida ina kallo kana zaginsa ina zuba maka shayi. Wankin kuskure ne, amma shirun da gangan na yi shi, kuma shi ya fi ci mini rai. Na san wasiƙar nan tana iya cinye aurena. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma ka sa hannu a takardar masu tallafi. Saura kwana tara.

Mai neman gafararka,
Uwar 'ya'yanka

Baban yara,

Sallama, da barka da dawowa. Ina fatan gajiyar hanya ta sake ka, kuma katifar ɗakin baƙi na cibiya ba ta tayar maka da ciwon baya ba.

Na gan ku ta taga ranar Litinin ɗin da ka iso, kai da Darakta, ka riƙe hannunsa da hannu biyu kun daɗe a tsaye. An ce takarda ta tafi da sa hannunka, an buɗe ɗakin gwaji na sama, mai gadi har da rawa. Na gode wa Allah, na gode maka.

Kwana goma sha biyu ke nan kana cin abincin kantin ma'aikata, tsakanin ɗakinka da ofishina taku arba'in ne, na ƙirga. In mun haɗu a baranda kana amsa gaisuwata yadda kake amsa ta kowane ma'aikaci. Yara kake aiko direba ya ɗauko maka. Ban ga laifinka ba. Jiya na ga sabon shingen waya da ka zagaye layi na bakwai da shi, da kwaɗo, an ce makulli biyu ne, ɗaya naka ɗaya na Darakta. Da ni ce kai, ni ma haka zan yi.

Ba zan tambaye ka yaushe za ka dawo gida ba. Ka jira ƙura shekara uku ba ka gaji ba, ni ma zan koyi jira.

Direba zai kawo maka rigar aikinka mai ruwan toka, wadda ka rataye a bayan ƙofa ranar da baƙi suka zo. Tana nan yadda ka bar ta, da jan ƙasa a wuya da hannuwa. Sau uku ina kai ta bakin famfo ina dawowa da ita. In kana so a wanke, ka faɗa mini da bakinka.

Taka, ko ka amsa ko ba ka amsa ba,
Uwar 'ya'yanka