Gashin Bayan Malam

Daren Talata, Birnin Kudu

Yau maigidana ya dawo daga Gwaram da ƙyar yake takawa. Shi da sauran manoma ne suka je suka zauna a bakin gonakin da wani ɗan siyasa ya ƙwace musu, ko sanda ba su riƙe ba. 'Yan bangarsa suka rufe su da duka.

Ina gasa masa baya da ruwan zafi, raina yana tafasa. Na ce, "Malam, duk ƙarfin nan naka, ko sau ɗaya ba ka rama ba?"

Ya ce, "Abin da suke jira ke nan, Rabi. Da na rama, da yanzu ina kulle."

Na san gaskiya ya faɗa. Amma wallahi na so ko mutum ɗaya cikinsu ya kwana da ciwo irin nasa. Allah ya yafe min.

Hannunsa ya ƙi ɗaguwa, ni na ba shi tuwo a baki, yana dariya wai ya koma jariri.

Jibi za su koma. Ban hana shi ba. Na dai wanke masa rigarsa mai kaurin nan.