Tambaya Sittin, Minti Arba'in da Biyar

Talata, 1 ga Yuni, 1999

Kwana uku ke nan da soja suka miƙa mulki, har yanzu hirar da ake yi ke nan a shagon Isyaku. Ni abin da na gani a jaridar yau ya fi ɗauke mini hankali. Wani banki zai ɗauki ma'aikata. Suna son digiri da takardar gama bautar ƙasa, kuma kada mutum ya cika shekara ashirin da takwas kafin ranar jarrabawa. Ni a Satumba zan cika. Wato wannan ce ta ƙarshe gare ni. Sau biyu na zauna irinta, sau biyu ban ga sunana ba.

Isyaku ya ce tunda ni nake juya masa injin fotokwafi, in fara da takarduna kafin masu nema su cika shagon. Gaskiyarsa. Kafin azahar layi ya fito har titin Ƙofar Nassarawa.

Alhamis, 3 ga Yuni

Ƙanwata Luba ta ce ita ma za ta nema. Labarin ƙasa ta karanta, a Janairu ta gama bautar ƙasa. Na yi dariya, na ce mu da muka karanta tattalin arziki ma ya muka ƙare? Ta ce ai shi ya sa take so in koya mata, tunda na san hanyar.

Baba bai hana ba. Ya dai maimaita abin da ya taɓa gaya mini, cewa zuciyarsa ba ta kwanta da aikin banki ba saboda maganar riba, amma ba zai ɗora wa kowa ra'ayinsa ba. Ya ƙara da cewa nema daban, samu daban. Ina jin yana ganin ba za ta ci ba. Ni ma haka, in za a faɗi gaskiya.

Asabar, 12 ga Yuni

Mun fara. A soro muke zama bayan asuba, kafin ɗaliban Baba su iso da littattafansu. Na fito da tsohon littafina na tambayoyin baya, duk ya sha fensir.

Na yi mata bayani: kashi biyu ce. Na farko jadawali da zane. A ba ka tarin lambobi, ko da'ira da aka yayyanka kamar kankana, ko sanduna dogaye da gajeru, a ce ka fito da abin da suke nufi. Na biyu tambayoyin gwada hankali. Tambaya sittin, minti arba'in da biyar, ba kalkuleta.

Ta rubuta duk abin da na faɗa. Na ji daɗin hakan, ba laifi.

Laraba, 16 ga Yuni

Ta fi yadda na zata.

Lahadi, 20 ga Yuni

Yau wani abu ya ɗan ɓata mini rai. Jadawali ne na audugar da aka noma cikin shekara biyar, aka ce a wace shekara noman ya fi ƙaruwa, kashi cikin ɗari. Na duƙufa ina raba kowace shekara da ta bayanta, har na cika rabin shafi. Ina ɗagowa na ga ta daɗe da zagaye amsa, tana kan tambaya ta uku a gaba.

Na ce ko canka ta yi. Ta ce a'a. Daga arba'in da takwas zuwa saba'in da uku, ai kamar daga hamsin ne zuwa saba'in da biyar, ƙarin rabi ke nan, sauran shekarun kuwa da ido ma babu wadda ta kusa haka.

"Yaya, ba su ce ka kawo lambar ba. Cewa suka yi wace shekara."

Na ce mata aikin banki ba a yin sa da kusan-kusan. Amsarmu ɗaya, amma ni minti huɗu na ci.

Juma'a, 2 ga Yuli

Bayan mun sauko daga masallaci gardama ta kaure tsakanina da Luba a tsakar gida. Tambayar: duk maƙera suna da guduma, wasu masu guduma kafintoci ne, to dole ne a ce wasu maƙera kafintoci ne? Na ce ƙwarai, ga Mikail nan a bayan layinmu, yana ƙira yana kafinta. Ita ta ce ba dole ba ne.

Ashe Baba yana ji daga ɗakinsa. Ya fito ya ce a sake karanta masa da Hausa, a hankali. Ya saurara, sannan ya dube ni.

"Jibrin, ba a tambaye ka Mikail ba. Abin da ke kan takarda aka tambaye ka. Mai guduman da yake kafinta, wa ya ce maka cikin maƙeran yake?"

Ya ce wannan ai manɗiƙi ne, ilimin kafa hujja, shekara arba'in da suka wuce ya karanta shi a nan Kabara wajen malaminsa, bai san bankuna ma sun san da shi ba. Ya zauna a bakin rijiya ya sa muka karanta masa guda shida, bai kuskure ko ɗaya ba. Na daɗe ban ga ya yi dariya haka ba. Inna ta leƙo daga kicin ta ce to shi ma a cike masa fom mana.

Asabar, 17 ga Yuli

Mun gwada kanmu kamar gaske. Inna ta riƙe agogo, ta kuma ɗauki abin da muhimmanci, ko tari ba ta yarda a yi ba.

Na amsa talatin da huɗu, na ci talatin da biyu. Luba ta amsa hamsin da bakwai, ta ci arba'in da shida.

Ta ce in ina so za ta nuna mini yadda take zubar da amsoshin da ba za su yiwu ba tun kafin ta taɓa fensir. Na ce ina da aiki a shago. Asabar ce, sai sha ɗaya muke buɗewa. Ta sani.

Talata, 20 ga Yuli

Ban tambaye ta ba. Na dai matsa kusa ina kallon hannunta. Ita kuma ta riƙa yin lissafin a bayyane, wai da kanta take magana.

Litinin, 26 ga Yuli

Yau na tsallake tambayar da ta gagare ni na wuce gaba. Ji na yi kamar na tsallake mutum a kwance. Amma na kai ta arba'in da tara.

Asabar, 7 ga Agusta

An yi.

Wata makarantar sakandare ce can bayan Ƙofar Kabuga. Tun safe ake ruwa, muka isa ƙafafunmu duk taɓo. Mutum ya fi dubu, wasu daga Katsina, wasu daga Dutse, wasu da kwat a jiƙe. An raba mu ajujuwa, ban ga inda aka kai Luba ba.

Na fara lafiya lau. Jadawalin farko na ruwan sama ne, na bi shi yadda na ga tana yi, ya tafi sumul. Sai tambaya ta ashirin da biyu: mutum shida a kewaye da tebur, wane ba ya kusa da wance, wance tana fuskantar wane, wa ke hagun na biyar? Na zana, bai fita ba. Na goge na sake. Na san ya kamata in wuce. Wallahi na sani, har ina jin muryarta a kunnena. Amma na ga saura kaɗan ya fita, kuma ban taɓa iya barin abu saura kaɗan ba. Da ya fita na duba agogon bango, minti bakwai sun tafi.

A ta arba'in da ɗaya aka ce a ajiye fensir.

A bakin ƙofa na same ta a ƙarƙashin darbejiya. Ta tambaye ni yaya, na ce alhamdu lillahi. Ban tambaye ta ba. A cikin bas ta ce ita ta mutum shidan nan ko karanta ta ba ta ƙarasa ba.

Litinin, 30 ga Agusta

An liƙa sunaye a jikin katangar bankin. Ni na je dubawa. Mutum tamanin. Sunanta ne na tara. Na bi takardar daga sama zuwa ƙasa sau uku, har wani ya ce Malam, matsa mana.

Ban hau mota ba, da ƙafa na dawo Kabara. Na gaya mata a tsakar gida. Ta fara murna, sai ta dubi fuskata ta fasa. Da ma ta ƙarasa murnarta, da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 9 ga Satumba

Jiya ta yi intabiyu.

Isyaku ya ce in je kotu in yi takardar rantsuwa a rage mini shekara uku, kowa haka yake yi. Na ce masa mutumin da ya raɗa mini suna yana nan da ransa, kuma gida ɗaya muke kwana.

Litinin, 20 ga Satumba

Takarda ta zo. Sun ɗauke ta. Amma sai ta je Legas horo na mako shida, daga sha ɗaya ga Oktoba.

Bayan la'asar Baba ya kira ni soro. Ya ce shi bai taɓa zuwa Legas ba, bai san aikin nan ba, ni ne na yi boko na kuma san duniyar. Me na gani? Ta je ko kada ta je?

Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Ya jira. Ban ƙara komai ba. Na san yadda zai fassara shirun, kuma haka ya fassara shi. Da magariba ya gaya wa Inna a bar maganar.

Laraba, 22 ga Satumba

Luba ce ta kawo mini koko da safe kamar kullum. Takardar tana kan akwatinta, ta ɗora mata kwalbar turare kada iska ta ɗauke.

Juma'a, 24 ga Satumba

Yau na cika ashirin da takwas. Na kasa cin tuwo.

Lahadi, 26 ga Satumba

Na jira ɗaliban Baba suka watse, na shiga na zauna a ƙasa gabansa. Na ce ina da magana kan Luba.

Na gaya masa cikin mutum fiye da dubu ita ce ta tara, ba da sanin kowa ba, ba da takardar kowa ba. Na ce masu horon a masauki ɗaya ake ajiye su, mata daban. Na tuna masa Gwaggo Jamila, ƙanwarsa, tana Agege a can Legas shekara ashirin, za ta iya zuwa wajenta duk ƙarshen mako. Na ce in an gama Kano za a dawo da ita, haka aka rubuta. Na ce in akwai wanda ya cancanci aikin nan a gidan nan, ita ce.

Ya daɗe yana shafa bangon littafin da ke cinyarsa.

"Duk wannan ka san shi ranar Litinin?"

Na ce na sani.

"To me ya hana ka faɗa?"

Na tsaya ina kallon tabarma. Bai matsa mini ba. Can ya ce shi ma yana da ƙane, ya kuma taɓa zama a zaure ɗaya da shi ana yi musu tambaya, ƙanen yana riga shi amsawa. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ya yarda, da sharaɗin ni zan kai ta, in damƙa ta hannun Gwaggo, in ga masaukin da idona.

Da na fito Luba tana shara a bakin soron, wurin da ta riga ta share da safe.

Talata, 12 ga Oktoba

Na dawo daga Legas. Bayana kamar ba nawa ba. A tasha da za mu rabu ta ce, "Yaya, na ji abin da ka gaya wa Baba." Na ce ta kula da jakarta, garin nan ba Kano ba ne.

Litinin, 29 ga Nuwamba

Ta fara aiki a nan Kano. Inna ta raka ta har bakin layi.

Alhamis, 2 ga Disamba

Wani dattijo ya shigo shago da hantsi, Alhaji Salihu, daga Ƙofar Kabuga. Ba fotokwafi ya kawo ba. Ya dubi Isyaku, ya dube ni, ya ce wane ne yayan Luba ta banki?

Na ce ni ne. Na amsa da sauri fiye da yadda na so.

Ya ce 'yarsa Rukayya da ƙawayenta biyu za su zauna irin wannan jarrabawar bayan sallah. Sun je wajen Luba, ta ce musu ita ba ta iya koyarwa ba, su nemi wanda ya koya mata. Na ce masa, Alhaji, sau uku na zauna, sau uku na faɗi, gara ka sani tun yanzu. Ya ce ta gaya musu wannan ma. Ta ce shi ya sa babu ramin da ban sani ba.

Na ce zan yi tunani. Ban yi alkawari ba.

A hanyar gida na tsaya na sayi kwalin alli. Araha na gan shi, shi ya sa.