Ayashe da Mudun Gishiri

Ingila, 6 ga Yuni, 1976

Zuwa ga Yaya Magaji,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, kai da iyali, da Inna da ciwon gwiwarta, da matata Kulsumu. Yaya ruwa? Kun yi shuka kuwa, ko har yanzu kuna hararar ƙasar da gwamnati ta ba ku a bakin dam ɗin Tiga? Ni lafiya nake, in dai lafiya ce mutum ya shekara uku yana cin dafaffen dankali ba yaji.

Takardarka ta zo, kuma tun da na karanta ta ban iya zama wuri ɗaya ba. Ka ce hannuwan 'yata Ayashe da ƙafafunta sun sake kumbura, idonta ya yi rawaya, kuma Inna ta yanke cewa da Gwadabe wanzami ya dawo daga Doguwa, kafin azumi, zai yi mata ƙaho ya tsaga mata ciki a kan saifa. Yaya, don Allah ka tsaya a tsakani. Haka aka yi wa ɗana Atiku, haka aka yi wa ɗana Bala, duk biyun ga su can a tsohon garinmu, ruwan dam ya rufe kaburburansu. Ita kaɗai ta rage mini.

Zan sake faɗa, ko da kun gaji da ji. Ba wabi ba ce, ba wani yaro ne yake mutuwa yana dawowa ba. Amosanin jini ne. Ƙwayoyin jininta lanƙwashewa suke kamar lauje, su toshe hanya, su mutu da wuri. Jinin ma bai ishe ta ba, to ina dalilin zuƙe mata ragowar? Abin da take bukata kaɗan ne: gidan sauro, ƙwayar nan ta rigakafin zazzaɓin sauro da ake sha ranar Lahadi, ruwan sha da yawa, a hana ta wasa a ruwan sama, kuma ta zauna inda mota take wucewa, don in abin ya tashi a kai ta asibiti a ƙara mata jini. Ku kuwa an ajiye ku a bakin tafki, sauro ya fi ku yawa.

Ka tambaya wai wane aiki ne ya riƙe ni haka. A cikin ɓargon ƙashi akwai waɗansu ƙwayoyi 'yan kaɗan, su ne irin jini, kamar dai irin da manomi yake ɓoyewa a rumbu. Muna kashe ɓargon ɓera, mu zuba masa na ɗan'uwansa, sai sabon jini ya tsiro. In ya yiwu a ɓera, wata rana zai yiwu a mutum. Maƙala shida na rubuta a kan haka, ga ta shidan na sa maka a ambulan, ka nuna wa Inna ta san ba yawo nake ba.

Abu na ƙarshe. Na ga rigar sanyi ja a wani kanti, amma ban san girman yarinyar ba, na bar ta tana rarrafe. Ka auna tsawonta da zare ko da kara, ka aiko mini.

Ka gaishe da kowa da kowa. Ƙanenka,
Alasan


Ingila, 11 ga Yuli, 1976

Zuwa ga Yaya Magaji,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya noma, yaya Inna? Allah ya huci zuciyarta.

Na yi wauta, na yarda. Sai da na karanta amsarka na tuna wa ake aunawa da kara a garinmu. Mutum ya daɗe a inda ake auna jariri kowane wata a rubuta, sai ya manta cewa a gida mai haƙa kabari ne yake zuwa da kara. Ka ce Inna ta yi kwana biyu ba ta ci tuwo ba, tana cewa uban da kansa ya aiko a yi awon kushewa. Ka ba ta haƙuri, ka ce riga nake nufi. Amma kai ma, Yaya, ai ba kome ake karanta wa tsohuwa ba.

Batun maƙalata kuwa, na yi dariya ni kaɗai a gaban kejin ɓeraye har wata baturiya ta leƙo. Wai Inna ta juya takardar, ta shinshina, ta tambaya ko wankewa ake yi a ba yarinya ta sha, da ka ce a'a, sai ta ce to mene ne amfaninta. Maƙala shida, an buga su a mujallu, likitoci a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna aiko mini da kati suna neman kwafi, Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa yana sa sunansa a gaban nawa ko da bai taɓa ɓera ɗaya ba. Ban ce mugu ba ne, shi ya koya mini aikin, kuma da na yi zazzaɓi shi ya kai ni asibiti a motarsa. Amma duk takardun nan ba su hana ƙahon Gwadabe ɗaya ba.

Wani abin da ya ci mini rai shi ne abin da ka ce matan gida suna yi wa Kulsumu, wai cikinta ne ba ya riƙe 'ya'ya. Ka gaya musu da bakina: ciwon nan sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi. Na duba jinina da idona a madubin likita, ina ɗauke da shi. Kulsumu 'yar Kawu ce ta Ƙofa, kakanmu ɗaya, daga tukunya ɗaya aka ɗebo mu. In za a zagi ciki, a haɗa da bayana.

Kullum sai na je wurin mai rabon wasiƙu safe da yamma, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Takarda tana mako biyu a hanya, duk abin da na rubuta, sai ya tarar an riga an yi. Sha'aban ya kusa. In Gwadabe ya dawo kafin amsata ta iso, ka ce masa aski kawai, sauran a jira.

A gaishe da Kulsumu, a ce na ji, kuma na sani. Ƙanenka,
Alasan


Ingila, 13 ga Yuli, 1976

Yaya Magaji,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban jira amsar ta shekaranjiya ba, don wani tunani ya hana ni aiki. Wannan kam kada ka karanta wa Inna, kai kaɗai.

Na daina jayayya da ita. Shekara nawa ina ce mata ba wabi ba ce, ita kuwa ta binne uku kafin ta haife ka, ba ta bukatar ɗan boko ya koya mata mutuwar yara. Ita ta ɗora yarinyar nan a juji ranar suna, ta ce mata Ayashe, ta hana mu kiran sunanta na yanka, Halima, duk don mutuwa ta ɗauka ba wanda yake son ta. Tsoro ne, ba ƙiyayya ba.

To ka tuna labarinka. Ai kai ma sayar da kai ta yi ga Fulanin da suke mashekari wajen Falgore, a kan ƙwaryar nono, ka shekara bakwai kana bin shanu kafin a fanshe ka. Har gobe tana cewa abin da ya raya ka ke nan. Ni na san kai ba ka gaji ciwon ba ne kawai, amma ita ta gani da idonta, an sayar, ya rayu.

Ka je mata da wannan a matsayin shawararka. Ka ce juji bai isa ba, tsaga ba ta yi wa na baya ba, a yi abin da aka yi maka, a sayar da Ayashe ga bare, nesa da gida. Baren kuwa ina da ita: Furera unguwarzoma ta ɗakin shan magani na Tudun Wada, matar Malam Audu da muka yi makaranta tare. Ba su da ɗa, gidansu yana bakin titi, kuma na rubuta musu yau. Furera ta san ciwon, ta san ƙwayar, ta san lokacin da ake tare mota.

Na san abin da nake roƙo. Wanda aka sayar ba a zuwa ganinsa da sunan uwa ko uba, ba a aika masa kaya, sai Inna ta ce a fansa. Ka fara tambayar Kulsumu a keɓe. In ta ce a'a, a bar maganar, ita ta ɗauki cikin, ba ni ba.

Ƙanenka da ba ya barci,
Alasan


Ingila, 10 ga Oktoba, 1976

Zuwa ga Yaya Magaji,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, barka da Salla, ko da ta wuce. Ina fata gero ya yi kyau, Inna da Kulsumu da yara duk suna lafiya.

Na karanta takardarka har ta fara yagewa a ninki. Allah ya saka maka. Ka ce da ka tambayi Kulsumu sai ta tashi ta fara haɗa 'yan kayan yarinyar. Ka ce Inna ta yi ciniki da Furera a zaure kamar da gaske, tana kushe hajar, wai rigimammiya ce, ga ci ba ƙiba, ta sallama a kan mudun gishiri, ta juya baya ba ta kalli motar ba. Da Gwadabe ya iso da zabirarsa sai ya tarar ba kowa, ya yi maka aski ya tafi. Ka gaishe shi, ban riƙe shi da kome ba, aikin da ya gada yake yi.

Na ji ciwon ya tashi a tsakiyar marka, Furera ta tare motar itace ta kai ta Kano, an ƙara mata jini, ta dawo da ƙafarta. Da tana bakin Tiga da tsaga a ciki, ni da kai mun san takardar da za ka rubuto.

Inna tana ta gaya wa mata cewa dabararta ce ta yi aiki. A bar ta. Ni ma na so a ce maƙalata ce, ba ita ba ce. Ta bakwai ta fito a makon jiya, ban aiko ba, gishirin Inna ya fi ta amfani a bana. Farfesa ya ce in ƙara shekara biyu, wai muna gab da wani abu. Ko da gaskiyarsa, ba Ayashe zai tarar ba, sai dai jikokin wani. Na ce masa zan gama da ɓerayen da ke hannuna in dawo kafin damina mai zuwa, in nemi aiki inda ake ƙarin jini. Bai ji daɗi ba, amma ya miƙo mini hannu.

Na san in na dawo Malam Audu take ce wa Baba, ni kuwa baƙo ne abokinsa. Ka ce Kulsumu tana zuwa kasuwar Tudun Wada kowane mako da sunan sayar da daddawa, ta kasa ta daidai ƙofar gidan, ta koma da ita ba ta sayar ba. Kada kowa ya hana ta. In na zo, ni zan riƙa ɗaukar mata tallan.

Zaren da Furera ta sa a cikin takardarka ya iso. Ta ce yanzu 'yarta ce, ta auna abinta yadda ta ga dama. Na liƙa shi a bango kusa da tebur, na tsaya a gefensa, ya kawo mini ƙugu. Yaya, Atiku da Bala ba wanda ya kai nan.

Na sayi rigar, na ɗauki wadda ta fi zaren girma, don ta kai ta baɗi. Za ta zo da sunan Malam Audu. In yarinyar ta tambayi wa ya ba ta, a ce wani matafiyi ne.

Ka gaishe da Inna, ka ce ɗanta ya gode da cinikin. Ka gaishe da Kulsumu. In hanya ta bi da kai Tudun Wada, ka duba mini Halima.

Ƙanenka,
Alasan