Baba Ya Bata Rigar

Litinin, 4 ga Maris

Na kori Baba Mai Guga yau. Na rubuta, na karanta, har yanzu bai yi min kama da gaskiya ba.

Bari in jera yadda aka yi, ko zan gane. Ina kasuwa neman bel ɗin injin wankinmu, shago na biyar ke nan ana ce min babu, kaina na sarawa. Sai saƙon Yaya ya shigo, tunda ita ke zama a kantar shagonmu na wanki da guga tana karɓar kaya: “Lauya ta zo. Baba ya bata rigar.” Rigar silikin nan mai ruwan toka, ta wata lauya da ke kawo mana wanki. Sau biyu matar ta ja min kunne a kanta, don watan jiya Baba ya ƙona mata wuyan wata farar riga. Ban kira kowa ba. Ban ma san yadda na tsallaka titi ba.

Na tarar Yaya ta tafi ɗauko ’ya’yanta daga makaranta. Baba na tsaye yana guge wando, direbanmu na ɗaure kaya, mutum biyu na jiran nasu. A gabansu na yi. Na ce ya ishe ni. Na ce idonsa ya mutu ya ƙi yarda, so yake ya kashe shagon kafin ya huta. Ya ce, “Auta, tsaya mana, wace riga?” Wannan tambayar ta ƙara tunzura ni, na ɗauka rainin hankali ne. Na kai hannu na share teburin. Dutsen guga ya yi ƙasa, shi kuma ya kai hannu ya tare. Ta wurin zafin.

Ya ajiye dutsen a tsaye, ya zare wayar daga soket da ɗaya hannun, ya ɗauki hularsa ya fita. Ni ma na kashe waya na taho gida.

Shekara ashirin da shida yana shagon nan, tun mahaifinmu na da rai. Shi ya koya min riƙe dutse.

Amma ai ya ɓata rigar. Ko ba haka ba?

Talata, 5 ga Maris

Yaya na tarar a ƙofar shago ta harɗe hannu. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. “Wace riga Baba ya ɓata?” Na ce ke za a tambaya, ke kika rubuto. Ta ciro waya, ta karanta min da bakinta, a hankali, kamar tana koya wa ɗan aji ɗaya: “Baba ya ba ta rigar. Ya ba ta! Ya miƙa mata, ta karɓa, ta yi godiya, ta tafi.”

Na karɓi wayar ina kallo. Haruffa huɗu. Wayarta ba ta da ɓ mai lanƙwasa, ita kuma ba ta taɓa raba kalma ba tun da na san ta, komai a manne take rubutawa.

Maimakon in yi shiru, sai na hau ta da faɗa, wai me ya hana ta rubuta daidai. Ta bari na gama, sannan ta ce, “To na ji, ni na manne kalma. Ni na ture dutse?”

Ban ci abinci ba yau. Ba na jin yunwa, ba na jin komai.

Laraba, 6 ga Maris

Ni na yi guga duk yini. Kwalbar yayyafin ruwansa na nan inda ya bar ta. Ban taɓa ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Na je gidansa. ’Yarsa ta fito ta ce yana barci. Ina jin rediyonsa, ina jin tarinsa. Ta ce tafin hannun da yatsu uku ne suka ƙone, a asibiti sun ce sai ya yi sati uku bai riƙe komai ba. Na miƙa mata ledar magani, ta kalli ledar, ta kalle ni, ta ce sun riga sun saya.

Yarinyar da tare muka yi wasa a bayan shago. Yau “ku” take ce min.

A hanya ina ta tsara abin da zan ce in an tambaye ni. Duk wanda ya ga saƙon nan haka zai karanta. Kuma ai ya taɓa ƙonawa. Kuma rana, da bel ɗin da ban samu ba. Na jera su tsaf, sun yi kyau. Sai in tuna hannunsa yana tare dutsen, duk su rushe.

Me ya sa ya tare? Da ya bari ya faɗi mana. Dutse ne kawai.

Asabar, 9 ga Maris

Lauya ta kawo wasu kaya. Da rigar silikin a jikinta, wallahi. Ta ce, “Ina tsohon nan? Ka ce masa ya wanke laifinsa, ban taɓa ganin guga irin wannan ba.” Na ce ba ya jin daɗi. Yaya ta sunkuyar da kai tana rubutun da ba ta da shi.

Lahadi, 10 ga Maris

Na ba matata labari, ina tsammanin za ta ce tsautsayi ne. Tana ninke kayan yara, ba ta ɗago ba ta ce, “Mu ai mun san takunka.” Na ce wane taku? Ta ce daga yadda nake murɗa makulli suke sanin ko a yi magana ko a yi shiru. Wai ’yar ƙaramar ma in ta ji na jefa makulli a tebur sai ta kashe talabijin da kanta. Ta tuna min marfin tukunya, da madubin mota, da ƙofar banɗaki da har yau ba ta rufuwa.

Na ce ai ban taɓa dukan kowa ba. Ta ce, “Baban ma ai ba ka dake shi ba.”

Na ji abin ya taso. Na miƙe. Sai na ga ta daina ninkewa tana kallon hannuna. Na koma na zauna.

Ni a sanina mutum ne mai saurin hucewa. Haka nake faɗa wa kowa, har da alfahari. Ashe ni kaɗai nake hucewa.

Talata, 12 ga Maris

Direba ya ce in riƙa ƙirga goma kafin in yi magana. Na gwada da mai kawo sabulu da ya makara. Na ƙirga goman cikin fushi, da sauri, na ƙara masa da na jiran da na yi. Ban ga amfaninta ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Yau an bar ni na shiga. Yana zaune a tabarma, hannun cikin bandeji a kan cinya. Ya ce, “Maigida, sannu da zuwa.”

Maigida. Tun ina yaro Auta yake ce min.

Na yi ta bayani, saƙo, waya, lanƙwasa, har na ciro wayar zan nuna masa, sai na tuna ba zai ga rubutun ba. Ya saurara har na gaji. Ya ce ’yarsa ta gaya masa, har ya yi dariya. Ya ce hannu ba komai, duk mai guga yana da tabo. Sannan ya ce, “Maganar idon ce. Gaskiya ka faɗa, ya fara tafiya. Ina ta neman ranar da zan gaya maka mu biyu. Sai ka riga ni, a gaban mutane.”

Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe tun a ranar. Na ce zai dawo? Ya ce, “A gaida Yayarka.”

To an yafe min ke nan ko ba a yafe ba? Na fito na wuce motata har da nisa kafin na tuna da ita na zo.

Juma’a, 15 ga Maris

Na tuna wani abu ina cikin wanka. Bara ya ce in matsar masa da teburinsa kusa da taga. Sau biyu ya faɗa. Na ce wurin hangogin rataye kaya ne, a bari tukuna. Ban tambaye shi dalili ba.

Litinin, 18 ga Maris

Ni da direba mun kwashe hangogi, mun ja teburin zuwa taga. Yaya ta ce, “Wa ya ce maka zai dawo?” Babu wanda ya ce. Na goge kwalbar yayyafin na ɗora a kai. Na sa kwan fitila babba a sama.

Wataƙila ni zan riƙa guga a nan. Ai ni ma ina son haske.

Laraba, 27 ga Maris

Ya zo. Wai tabaransa ya zo ɗauka, ya manta shi a aljihun tebur. An cire bandejin, fatar ta yi ja tana sheƙi. Ya tsaya ya kalli inda teburin yake da, ya kalli inda yake yanzu. Yaya ta ba shi kujera, ta shiga ɗakin wanki.

Ina cikin guga saƙo ya shigo. Daga Yaya, wadda bango ɗaya ne tsakaninmu, tsoro ya hana ta fitowa: “Matar otal ta bugo. Direba ya bata labule.”

Kunnuwana suka ɗau zafi. Na ji shi sarai, daga wuya yake hawowa. Dutsen na hannuna. Ban san dalili ba, sai na ajiye shi a tsaye, na zare wayar daga soket. Na leƙa ɗakin wanki na ce, “Yaya, ba ta ya yi, ko ɓatawa?”

Ta ce, “Ɓatawa. Man inji ya zube a kai, guda huɗu.”

Wannan karon da gaske ne. Na tsaya ina jiran kaina in fashe. Direba ya shigo yana rawar baki, na ji na ce ya kawo su a jiƙa tun man bai kama ba. Shi ke nan abin da na ce. Shi ma ya tsaya yana jiran sauran.

Ba na jin na canja. Gajiya ce, ina ga, kwana biyu ba na barci sosai.

Baba ya sa tabaran, ya tashi zai tafi. A ƙofa ya juyo ya shafa teburin da hannun mai lafiya.

“Ya yi tsawo ta nan gefen, Auta. Ka sa masa katako a ƙafar can kafin Litinin.”